Harafi Gurbi Ne: Yadda Ake Zuba Lamba a Cikin Aljabara

A cikin darussan aljabara da ake koyarwa a makarantunmu na sakandare, da wuya a sami wanda ɗalibai suka raina kamar darasin sauya harafi da lamba. Malami zai rubuta 2x + 5 a kan allo, ya ce a nemo ƙimarsa idan x ta zama 4. Kafin ya ajiye alli hannuwa sun tashi sama: goma sha uku. Shi ke nan sai a ɗauka an gama da wannan babi, a wuce zuwa ga abin da ake ganin shi ne aljabara ta sosai.

Amma fa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk malamin da ya saba duba takardun jarrabawa ya san irin ɗalibin nan da zai kawo ƙa'ida daidai, watau abin da 'yan makaranta suka fi sani da fomula, ya rubuta ta tsaf ba kuskure, sa'an nan ya zo wajen zuba lambobi ya ɓarar da komai. A wajen makaranta kuwa al'amarin ya fi haka nauyi. Injiniya da ma'aikaciyar jinya da mai awon fili da matuƙin jirgin sama ba su cika ƙirƙiro ƙa'ida da kansu ba. An riga an tsara musu ita, nasu aikin shi ne su cika guraben da aka bar musu. Ita kuwa ƙa'ida ba ta da ido. Duk abin da aka miƙa mata karɓa take yi, ta sarrafa, ta mayar da amsa, ko da abin da aka ba ta shirme ne.

Daga kalma zuwa harafi

Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan wani littafin Larabci da Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820, a zamanin Halifa Ma'amun. Ɗalibin yau da zai buɗe littafin nan, da ya sha mamaki, domin babu x, babu y, babu alamar tarawa ko ta daidai. Komai da kalmomi aka rubuta shi. Adadin da ake nema yakan kira shi “shai'un”, watau abu, ko kuwa saiwa. Ninkinsa da kansa ya kira shi dukiya. Tsurar lamba kuma sau da yawa da dirhami yake ƙirga ta. Babban ɓangare na littafin a kan lissafin wasiyya da rabon gado yake, abin da malamanmu na fara'ili ba za su ga baƙonsa ba.

Akwai wata mas'ala tasa da ta shahara, wadda a rubutun yau ita ce x² + 10x = 39. Amsar da ya samu ita ce 3. Mai karatu na iya tabbatar da haka yanzun nan: 3 sau 3 tara ne, 10 sau 3 talatin, a haɗa su 39. Wannan ɗan aikin da muka yi shi ne sauya harafi da lamba. A riƙe mas'alar a zuciya, za mu komo kanta.

An shafe ƙarni bakwai da 'yan kai kafin haruffa su zauna da gindinsu a lissafi. Wani lauya Bafaranshe mai suna François Viète shi ne a 1591 ya fito da tsarin amfani da wasula a madadin adadin da ba a sani ba, baƙaƙe kuma a madadin wanda aka sani. A 1637 René Descartes ya kawo salon da muke bi har yau: a, b, c ga sanannu, x, y, z ga waɗanda ake nema. A ganina hikimar Viète ba a wajen adadin da ba a sani ba take, don wannan tun da can yana da suna. Hikimar ita ce ba da harafi ga adadin da aka sani. Me zai sa mutum ya ɓoye lambar da ke hannunsa a bayan harafi? Dalili shi ne don ya yi aikin sau ɗaya tak, ya bar wa kowa ya zo ya zuba tasa lambar. Harafin ya zama kamar gurbin dara: ramin yana nan inda aka haƙa shi, 'ya'yan da ake sawa ne ke sauyawa.

Ga misali daga gida. Da yawa daga cikinmu sun san hatimin nan mai gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, wanda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 a ciki ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara irin waɗannan hatimai masu layuka 3, 5, 7 da sauran adadin mara. To, in za a tsara mai layi biyar da lambobi daga 1 zuwa 25, nawa kowane layi zai bayar? Masana lissafi sun taƙaita amsar duka hatiman a ƙa'ida ɗaya:

J = n(n² + 1) ÷ 2

A nan n ita ce yawan layuka, J kuma jimillar kowane layi. A zuba 3: 3 × (9 + 1) ÷ 2 = 15. A zuba 5: 5 × (25 + 1) ÷ 2 = 65. A zuba 7, a sami 175. A lura n ta fito sau biyu, kuma duk inda ta fito lamba ɗaya ake ba ta. Ba a ba ta 5 a farko a ba ta 3 a cikin baka.

Amfanin baka

Kuskuren farko da sabon ɗalibi kan yi shi ne, a ce masa 3x, x kuma 4 ce, ya rubuta 34. Bai kamata a yi masa dariya ba, domin gaskiyarsa. Tun daga firamare aka koya masa cewa in 3 ta zauna kusa da 4 talatin da huɗu ke nan. Daga baya aka nuna masa 3½, aka ce uku da rabi ne, watau zama kusa ya koma tarawa. Yanzu kuma ga 3x, an ce zama kusa ninkawa ne. Ma'ana uku ga abu guda! Malamin da bai tsaya ya bayyana wannan a fili ba ya bar ɗalibansa da canke.

Maganin abin ɗaya ne, kuma mai arha: duk lambar da za ta maye gurbin harafi a sa ta cikin baka tukuna. A rubuta 3(4), sa'an nan a ninka. Ɗalibai masu kaifin kai sukan ga wannan ɓata lokaci ne, kuma su ne suka fi faɗawa rami idan lambar ta zo da alamar ɗebewa a gabanta.

Lambobin da ke ƙasa da sifiri, masanin nan na Indiya Brahmagupta, a littafinsa na shekarar 628, ya kira su bashi, na sama da sifiri kuma dukiya, ya kuma nuna cewa in aka ninka bashi da bashi dukiya ake samu. Mu ari wannan suna mu koma ga mas'alar Alkhawarizmi. Mu zuba lambar bashi −13 a cikin x² + 10x:

(−13)² + 10(−13) = 169 − 130 = 39

Ashe mas'alar tana da amsa ta biyu. Alkhawarizmi bai ambace ta ba, domin shi lambobin da ke sama da sifiri kaɗai yake karɓa a matsayin amsa. Amma abin lura a gare mu shi ne, ba don baka ba da mu ma ba mu gan ta ba. Wanda ya rubuta −13² kai tsaye, bisa al'adar masu lissafi cewa ya yi a ninka 13 da kanta sa'an nan a ɗora mata alamar ɗebewa, watau −169, daga nan lissafinsa zai ƙare a −299. Kalkuletar kimiyya irin wadda ɗalibai ke riƙewa haka za ta fahimce shi. Wani abin ban dariya ma, manhajar Excel ta kwamfuta ta saɓa wa wannan al'ada: in aka rubuta mata =-3^2 tara take bayarwa, alhali kalkuleta −9 za ta ce. In har na'urori biyu za su yi saɓani a kan rubutu ɗaya, to, mai hankali ba ya barin su su yi masa fassara. Ya sa baka, gardama ta ƙare.

Inda wannan ya fi cin ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO shi ne wajen b² − 4ac, ɗan furucin nan da ke ƙarƙashin alamar saiwa a ƙa'idar warware lissafi mai x². A ɗauki 2x² − 5x − 3 = 0, inda a ta zama 2, b ta zama −5, c kuma −3. Mai sa baka zai rubuta (−5)² − 4(2)(−3), ya sami 25 + 24 = 49, saiwarsa 7, amsoshi su fito sumul: 3 da −½. Wanda ya yi sakaci da alamar c zai sami 25 − 24 = 1, ya ci gaba da aiki cikin farin ciki don ita ma 1 saiwarta mai sauƙi ce, ya ƙare da amsoshin da ba su ba ne. Wanda ya yi sakaci da ta b kuwa zai sami −25 + 24 = −1, ya rubuta wa mai duba takarda cewa tambayar ba ta da amsa. Dukkansu uku ƙa'ida ɗaya suka haddace.

Akwai kuma batun wane aiki ne ke gaba da wane. Ƙaramar lambar da ke bisa kafaɗar harafi, harafin nan kaɗai ta shafa. Dutsen da aka saki cikin rijiya yana faɗuwa tsawon mita 4.9t² a cikin daƙiƙa t, in an ɗauke kai daga turjiyar iska. In an ji ƙararsa a ruwa bayan daƙiƙa 2, sai a fara ninka 2 da kanta, a sami 4, sa'an nan a ninka da 4.9, a sami mita 19.6, watau wajen gaba goma sha ɗaya. Wanda ya fara ninka 4.9 da 2 kafin ya ninka abin da ya samu da kansa zai fito da mita 96. Kowane mahaƙin rijiya zai gaya masa akwai gyara.

Laba da kilo

Duk abin da ya gabata a kan takarda yake. Bari mu ga yadda abin kan kasance idan rayuka na rataye da amsar.

Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani sabon jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada yana shirin tashi daga Montreal zuwa Edmonton a ƙasar Kanada, da ɗan yada zango a Ottawa. Agogon da ke nuna yawan mai a gaban matuƙa ba ya aiki a ranar, saboda haka aka auna man da ke cikin tankuna da sandar awo, aka tarar akwai lita 7,682. Tafiyar kuwa tana bukatar mai mai nauyin kilogiram 22,300. Matuƙa da nauyi suke lissafin mai, motar da ke zuba shi kuma da lita take awo, don haka sai an juya wannan zuwa wancan. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. In N ce nauyin da ake bukata, L litocin da ke cikin tanki, d kuma nauyin lita ɗaya ta man, to, litocin da za a ƙara su ne:

(N − L × d) ÷ d

N da L an same su daidai. Saura d. Aka zuba 1.77, lambar da ma'aikatan suka daɗe suna aiki da ita. Sai lissafi ya tafi kamar haka: 7,682 × 1.77 = 13,597; a ɗebe daga 22,300, saura 8,703; a raba da 1.77, a sami lita 4,917. Aka duba ninkawar da ɗebewar da rabawar, babu kuskure a ko ɗaya. Aka zuba lita 4,917.

Ita 1.77 ɗin nan lamba ce ta gaskiya, sai dai nauyin lita ɗaya ce a ma'aunin laba, ba a kilogiram ba. A lokacin Kanada tana tsakiyar sauya ma'auninta daga na Ingilishi zuwa na mita da kilo, kuma wannan samfurin jirgi shi ne na farko a kamfanin da ake yi wa lissafin mai da kilogiram. Lambar da ta dace da gurbin d ita ce 0.803. Da ita aka zuba, da an ga man da ke tanki kilo 6,169 ne kawai, saura 16,131, watau ana bukatar ƙarin lita 20,088. An zuba abin da bai kai rubu'in haka ba. Jirgin ya tashi da mai mai nauyin laba 22,300, matuƙa suna zaton kilo ne, alhali kilo ɗaya ya ɗan haura laba biyu. A Ottawa an sake aunawa da sanda, aka sake ninkawa da 1.77, amsa ta sake fitowa kamar komai lafiya. Maimaita lissafi da gurɓatacciyar lamba ba ya tona ta.

Jirgin yana tafe a sama, ƙafa 41,000 daga ƙasa, sai ƙararrawar gargaɗi ta fara kaɗawa. Suka juya akala zuwa Winnipeg. Injin hagu ya mutu, ba a jima ba na dama ya bi shi. Mutum 69 ne a ciki, fasinja 61 da ma'aikata 8. Allah Ya sa babban matuƙin, Robert Pearson, gwani ne wajen tuƙa ƙananan jiragen nan marasa inji da ke shawagi bisa iska, mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya taɓa aikin soja a wani tsohon sansanin mayaƙan sama da ke garin Gimli. Da suka ga ba za su kai Winnipeg ba, can suka nufa, ba su san an mai da wani ɓangaren filin wurin tseren motoci ba, kuma ranar akwai jama'a da iyalansu. Suka sauka, ƙafar gaba ta lanƙwashe, hancin jirgin ya yi ta gurzar ƙasa har ya tsaya. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Abin da nake so ɗalibi ya tsaya ya duba a nan shi ne, akwai tambaya ɗaya da za ta iya tona kuskuren tun jirgin yana ƙasa. Man jirgin sama ɗan'uwan kananzir ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kananzir kuwa a saman ruwa yake tasowa, watau ya fi ruwa sauƙi, kuma duk yaron da aka taɓa aika sayensa a jarka ya ji haka a hannunsa. To, ta yaya litarsa za ta kai kilo 1.77? Ba a nemi wani zurfin ilmi ba. An nemi kawai a tambayi lambar: ke 1.77, na mene ne? Lambar da ake zubawa a gurbi ba ta zuwa tsirara, da ma'auninta take tafe. Shi ya sa malaman fiziya ke nacewa a rubuta mita da daƙiƙa da kilo a gefen kowace lamba har ƙarshen aiki. Da an rubuta laba a gefen 1.77 da kilo a gefen 22,300, da ido ya ga ana ƙoƙarin ɗebe laba daga kilo.

Akwai ma lambar da gurbi ba ya karɓa sam. A furucin 1 ÷ (x − 2) kowace lamba na iya shiga ban da 2, domin za ta mai da abin rabawar sifiri, kuma ba a rabawa da sifiri. A watan Satumba na 1997 wani ma'aikaci a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Yorktown ya shigar da sifiri a wani gurbi na kwamfuta. Na'urar ta yi yunƙurin rabawa da shi, tsarin ya rikice, injunan jirgin suka tsaya, ya yi sama da sa'o'i biyu a teku ba ya motsi.

Zakaran gwajin dafi

Sauya harafi da lamba yana da wani amfani da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: shi ne hanya mafi sauri ta kama ƙarya a aljabara. Ɗalibi yana shakka, shin (a + b)² daidai yake da a² + b²? Ba sai ya jira malami ba. Ya zuba 3 da 4. Na farko ya ba da 7 × 7 = 49, na biyu 9 + 16 = 25. Magana ta mutu. Misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe da'awa. Sai dai ya guji gwaji da 0, ko da 1, domin waɗannan biyun sukan rufa wa kuskure asiri. A zuba 0 a gurbin b a wannan misalin a ga yadda ɓangarorin biyu za su yi daidai. Haka nan duk amsar da aka samu a jarrabawa ana iya mayar da ita cikin tambayar a gani. A zuba 3 a cikin 2x² − 5x − 3 na ɗazu: 18 − 15 − 3 = 0.

To, amma in gwaji ya yi daidai fa, shi ke nan an tabbatar? A nan ne masana lissafi suke da tsauri. Akwai lambobin da ba sa rabuwa da kowace lamba sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13; mu kira su gagara-rabo. A 1772 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya ja hankali ga wannan furuci:

n² − n + 41

A zuba 1, a sami 41. A zuba 2, a sami 43. Daga nan 47, 53, 61, 71, duk gagara-rabo. A ci gaba har 10, har 20, har 30, ba ta kuskure ba. A zuba 40, a sami 1,601, ita ma gagara-rabo ce. Mutumin da ya gwada abu sau arba'in a jere ya ga bai saɓa ba, wa zai zarge shi in ya rantse cewa haka zai dawwama? Sai a zuba 41. Ba a ma bukatar alƙalami: 41² − 41 + 41, biyun ƙarshe sun cinye juna, saura 41 × 41, watau 1,681, wadda ke rabuwa da 41.

Malamin da ke da aji mai yawa yana iya mai da wannan aikin rana guda. Ya ba kowane ɗalibi lamba ɗaya daga 1 zuwa 41, kowa ya zuba tasa, sa'an nan ya gwada raba abin da ya samu da gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya. Ga mutum arba'in na farko, gwadawa daga 2 zuwa 37 ta wadatar. Kada malam ya faɗa wa kowa abin da ke gaba, amma ya tabbata wanda ya ba 41 yaro ne mai naci da ba zai tsaya a 37 ba.